Kukan 'Yan Matan da Aka Sayar a Ƙetare Ya Hana Ni Barci

Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya jama'a?

Ni matar aure ce, shekaruna 36, 'ya'yana uku, ina koyarwa a wata makarantar firamare a kudancin Kaduna. Tun bara na ga wani bidiyo a waya, na 'yan matan Najeriya da aka kai Italiya da sunan aiki, aka tsayar da su a bakin titi cikin sanyi. Daga ranar abin ya zauna mini a rai. Da na kwanta sai in jawo waya in shiga neman labarinsu, na Libiya, na Italiya, har ƙarfe biyun dare. In na kalli babbar 'yata mai shekara 13 sai hawaye. Na yi azumi, na yi addu'a, nauyin ƙaruwa yake yi.

Na gaya wa fastonmu, ya ce in ci gaba da addu'a, Allah yana gani. Maigidana ya ce na ɗauki kayan da ba nawa ba, wai matsalar mutanen Edo ce, mu mu ji da kashe-kashenmu da tsadar abinci. Har mun fara samun saɓani, don ina so in tura kuɗin adashena, naira dubu 150, ga wani bawan Allah a Facebook da ke nuna hotunan 'yan matan da ya ce yana fansowa daga Libiya. Wani lokaci ma ji nake kamar in ajiye aikin in nemi hanyar zuwa can in yi hidima.

Mama, kiran Allah ne wannan, ko tunani ne ya yi mini yawa? A cocinmu ba mai zancen abin, ko da yake akwai wata yarinya a ƙungiyar mawaƙanmu da wata anti ta tafi da ita Mali aikin gyaran gashi, shekara biyu ke nan, amma ita tana aiko wa uwarta kuɗi, har uwar ta fito godiya. Me zan yi?

'Yarki cikin Ubangiji

*

'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. A karo na biyu sai na tsaya cak a kan maganar da kika jefo daf da ƙarshe, kamar wadda ta tuna gishiri bayan an sauke tukunya. Zan zo kanta. Bari in fara da abin da kika tambaya.

Tunani bai yi miki yawa ba, domin abin da kika gani ya faru, yana kuma faruwa. A shekarar 2014 matan Najeriya kusan 1,500 ne suka isa Italiya ta teku. A 2016 sun haura 11,000, kuma hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, ta yi ƙiyasin cewa takwas cikin goma nasu ana iya cewa safararsu aka yi don karuwanci. A watan Nuwamban 2017 wani jirgin ruwa ya sauke gawarwakin mata 26 'yan Najeriya a garin Salerno, yawancinsu 'yan mata ne matasa. Wanda ya ji irin wannan ya yi barcinsa lafiya lau, shi ya kamata a bincika, ba ke ba.

Amma waya ta karɓe nauyin nan daga hannunki tana juya shi yadda take so. Shekara guda kina kallo har ƙarfe biyun dare, kuma ki faɗa mini gaskiya, yarinya nawa ta fita daga hannun madam, matar da ke riƙe su tana sa su karuwanci, saboda rashin barcinki? Waɗanda suka ji a jikinsu su ne ɗalibanki da safe, da maigidanki, da 'yarki da ke ganin uwarta tana kallonta tana kuka ba ta san laifin da ta yi ba. Facebook ya gane abin da ke tsayar da ke, don haka yake ƙara turo miki irinsa. Daga yau waya ta kwana a falo. In rashin barcin ya ci gaba bayan makonni biyu ko uku, ko kika ga abinci ya fita ranki, ki je ki ga likita, ba rashin bangaskiya ba ne.

Maigidanki yana da gaskiya, amma rabi. Hanyar Italiya, tun daga shekarun 1980, 'yan matan Edo ne suka fi yawa a kanta. Sai dai ki tambaye shi, ta ina suke bi? Yawancinsu ba ta sama suke tashi daga Benin, babban birnin jihar Edo, ba. Kano ake sauke su, a tsallaka da su iyaka zuwa Damagaram, daga nan Agadas, sai a loda su bayan Hilux a keta sahara ta Dirku zuwa Sabha a Libiya. Da Hausa ake cinikin kujera a tashoshin nan. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, a ƙarshen 2023 gwamnatin soja ta soke ta, motoci suka koma fita a fili. To kaya ne da ke wucewa ta ƙofar gidanmu.

Ga kuma yadda sana'ar take, don ki san abin da kike nema in kin gan shi. Ba a cika sace yarinya da ƙarfi ba. Wanda zai ɗauke ta sananne ne: 'yar unguwa da ta dawo da atamfofi masu tsada, ko ƙanwar uba, ko saurayi, wani lokaci ma wadda ake zama benci ɗaya da ita ranar Lahadi. Za a ce aikin shago ne, ko reno, ko kitso. Ba a karɓar ko kobo na mota, ai "in kin fara aiki kya biya". Sai an isa a karɓe takardunta da wayarta, sannan a faɗa mata adadin bashin. A Italiya yakan kai yuro dubu 30 zuwa dubu 50, ban da kuɗin ɗaki da na abinci da na wurin tsayawa a titi, waɗanda ake ɗora mata daban. Kafin tafiya an riga an kai ta gaban boka, an yanki gashinta da farcenta, ta rantse cewa in ta gudu ko ta tona, mutuwa ko hauka zai same ta ko uwarta. Wasu ma da Littafi Mai Tsarki ake rantsar da su. Ƙarfin wannan rantsuwa ya sa a watan Maris na 2018 Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya tara bokayen masarautarsa ya warware duk rantsuwar da aka yi wa 'yan mata, ya kuma tsine wa duk wanda zai sake yin ta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne madam ɗin kanta sau da yawa tsohuwar yarinyar wata madam ce. Ta gama biya, ta duba ba ta da komai, sai ta aika gida a kawo mata biyu.

Yanzu ga maganar da kika wuce da sauri.

'Yata, Mali? Aikin gyaran gashi? Wata anti ce ta tafi da ita? Kin shekara kina kuka a kan 'yan matan da ba ki san sunan ko ɗaya ba, alhali wadda kika san sunanta, kika san muryarta a cikin waƙa, kika san ƙofar gidan uwarta, ta bi hanyar da hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasa, NAPTIP, ta daɗe tana kuka a kai. A watan Janairun 2019 shugabar hukumar ta lokacin, Julie Okah-Donli, ta ce sun ƙiyasta mata da 'yan matan Najeriya kusan 20,000 ne ke maƙale a kudancin Mali, galibi a rumfunan da ke kewaye da ramukan haƙar zinariya. Da yawa an ce musu Malesiya za a kai su, suka farka a daji. Wannan hanya ba ta buƙatar teku, ba ta buƙatar biza, mota ce kawai daga Legas a bi ta Kwatano a yi yamma. Kuma ba 'yan Edo kaɗai ke kanta ba. An dawo da 'yan Filato da 'yan Binuwai daga Mali da Ghana, yaran da rikici ya kori iyayensu daga gona. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ke kin fi ni sanin yadda bangon ƙauyukanku ya tsage.

Ban ce lallai abin da ya sami yarinyar ke nan ba. Akwai 'yan Najeriya a Bamako da ke cin halaliyarsu, wataƙila tana cikinsu, Allah ya sa haka. Amma aiko kuɗi ba shaida ba ce. Madam mai wayo takan bari a aika wa uwa wani abu lokaci lokaci, don bakin gida ya rufu, don kuma maƙwabta su gani su miƙo tasu 'yar. Godiyar da uwar ta fito yi a gaban ikilisiya, da rawa da baiko, tana iya zama talla ba tare da ita uwar ta sani ba. Ki duba cikin taron ranar, 'yan mata nawa suka tafa, suka ce a ransu saura ni?

Ga abin da nake so ki yi, kuma a hankali, ba da zafin da kike ciki yanzu ba.

Ki nemi dattijuwa guda a Zumuntar Mata, mai riƙe sirri, wadda uwar yarinyar ke jin nauyinta. Ku je gaisuwa kawai. Kada ki shiga da kalmar karuwanci a bakinki, domin daga ranar an rufe miki ƙofa, kuma da gaskiyarta, wace uwa za ta zauna a faɗa mata haka a tsakar gidanta? Ku ce kun yi kewar muryar yarinyar, kuna so ku gaisa da ita. Daga hirar za ki tsinci abin da kike nema. Lambar da take kira da ita tata ce, ko kullum ta wani ce? Ita ke kira, ko ana iya samunta duk lokacin da aka so? In tana magana, akwai alamar wani na tsaye a kanta? Ta taɓa nuna shagon a bidiyo? Sunan garin da take fa, Bamako ne, ko wani wuri da uwar ba ta iya faɗa? Ta taɓa ambaton bashi, ko ta ce sai ta "gama biya" za ta zo? Shekara biyu ba ta zo Kirsimeti ba, me ya hana? Shekarunta nawa ranar da ta tafi? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi a shari'a: in ba ta kai 18 ba, ko da da ƙafarta ta bi su tana murna, doka ta ɗauke shi safara. In ta wuce 18 ma, yardar da aka samu ta hanyar yaudara ba yarda ba ce.

In kin samu yin magana da ita, kada ki yi mata wa'azi, kada ki yi mata tambayoyin 'yan sanda. Ki ce mata, "Muna tuna ki. In akwai ranar da kike son dawowa, ko da kuɗi ko babu, akwai wurinki." Ki bar mata lambarki. Wataƙila ta yi dariya ta ce lafiya lau take. Wataƙila sai bayan wata huɗu ki ga saƙo da tsakar dare. Yaran nan kunya ta fi ɗaure su fiye da ƙofa, suna ganin gara su mutu can da a ji a gida.

Abubuwa uku kada ki kuskura. Kada ki tunkari antin nan, ko da kuwa za ku haɗu a ƙofar coci, don waya ɗaya za ta buga a sauya wa yarinyar gari, ko a huce a jikinta. Kada ki sa sunanta ko hotonta a zauren WhatsApp na ikilisiya. Kada kuma ki miƙa ta a matsayin roƙon addu'a a taron mata, mun san yadda roƙon addu'a ke rikiɗa ya zama gulma kafin a kai bakin titi. In alamu sun taru, ki rubuta duk abin da kika sani, lambobin waya, sunan gari, takardun karɓar kuɗi, ranar tafiya, ku kai wa NAPTIP, in da hali tare da uwar. An kafa hukumar tun 2003, hedikwatarta na Abuja, tana da ofisoshi a Kano da Makurdi da Sakkwato da Maiduguri, kuma ita ke da hurumin aiki da ofishin jakadancinmu na Bamako. Ba zan ce miki da kin kai ƙara gobe za a kawo ta ba. Aikin gwamnati ne, sai da bibiya, sai da naci. To nacin nan shi ne inda ƙarfin da kike ƙonawa da dare zai yi amfani.

Kuɗin adashenki kuwa, ki riƙe abinki. Ban san bawan Allahn nan na Facebook ba, ba zan kira shi ɓarawo ba. Amma duk mai aikin ceto na gaske ba ya baje fuskokin 'yan matan da ya ceto a intanet, domin ya san masu bin su bashi ma suna da waya, kuma yaran za su koma garuruwansu su nemi aure. Sannan dawo da mutum daga Libiya ta hannun IOM kyauta ne, dubban 'yan Najeriya sun dawo ta wannan hanya tun 2017 ba su biya kuɗin jirgi ba. In kuwa kuɗin fansa yake miƙa wa masu tsare su, ki sani kuɗin nan ne ke sa a kamo wasu. Ki gaya wa maigidanki kin fasa turawa, ki kuma gaya masa ya yi daidai a nan. Za ki ga yadda kunnensa zai buɗe wa sauran maganar. Namiji in ya ga ana shirin jefa dubu 150 a rijiya, ba ya jin komai sai ƙarar faɗuwar kuɗin.

Zancen ajiye aiki ki tafi Italiya, ki sauke shi. Ba ki jin harshensu, ba ki san dokarsu ba, kuma akwai masu yi tun kafin ki gama sakandare. Wani fada, Oreste Benzi, ya yi shekaru yana fita titunan Rimini da dare yana magana da 'yan matan har ya rasu a 2007, ƙungiyarsa na ci gaba. Dokar Italiya ta 1998 tana ba wadda ta tsere daga masu safara takardar zama da mafaka. Sistocin Katolika suna da gidan karɓar waɗanda suka dawo a birnin Benin. Ko ke ba Katolika ba ce, ki yi koyi da su, don a wannan fage sun riga yawancinmu nisa. Abin da duk waɗannan mutane ba su da shi, ke kina da shi: aji cike da yara 'yan shekara goma sha, iyayen da ke kiranki Malama, da wurin zama a Zumuntar Mata. Sistar da ke Turin sai yarinya ta riga ta lalace take ganinta. Ke kina ganinta tun tana da kitson makaranta.

Fastonku bai yi laifi da ya ce ki yi addu'a ba, ya dai tsaya a rabin hanya. Ki koma wurinsa, amma kada ki je da kuka, ki je da roƙo ƙarami wanda zai iya cewa to. Minti goma sha biyar a taron mata, minti goma sha biyar a zumuntar matasa, a faɗi yadda ake yaudarar. In yana neman nassi, ba sai ya wahala ba. Yusufu 'yan'uwansa ne suka sayar da shi a kan azurfa ashirin, ba baƙi ba. Annabi Yowel, a sura ta 3, ya lissafa laifin da Allah zai hukunta al'ummai a kai, a ciki har da sayar da yarinya don a sha ruwan inabi. In kuna son rana ta musamman, akwai 8 ga Fabrairu, ranar tunawa da Josephine Bakhita, 'yar Darfur da aka sace tana ƙarama aka yi ta sayarwa a kasuwannin Sudan, ta ƙare rayuwarta tana sista a Italiya a 1947. Ku kuma roƙi dattawa su kafa al'ada: duk yarinyar da za a kai aiki wata ƙasa, a zauna da mai ɗaukarta, a ga adireshi, a ji albashi, a san wa ke biyan kuɗin mota da sharaɗinsa. Mai gaskiya ba zai ƙi zama ba.

Saura abu mafi wuya, kuma a nan ne nake jin tsoron mu masu zuwa coci. A ce yarinyar ta dawo. Ba za ta dawo da akwati ba. Za ta dawo a rame, wataƙila da ciwo, wataƙila da goyo, tana firgita da dare, tana jin rantsuwar nan na bin ta. Uwar da ta yi rawar godiya za ta rasa inda za ta sa fuskarta, kuɗin da ake cefane da shi ya yanke. Wasu za su ce a sa ta a horo, ta zauna bencin baya, a hana ta jibin Ubangiji. Wasu za su so a fito da ita gaba ta ba da shaida, a yi mata addu'ar kora aljanu da lasifika. Duka biyun korar ta za su yi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka dawo suka tarar da haka sun sake komawa da ƙafarsu, don can aƙalla ba mai nuna su da baki. Kada ki yi wa tsoron rantsuwarta dariya, kada kuma ki mai da shi abin kallo. A yi mata addu'a a ɗaki, mutum biyu ko uku, sau nawa ta nema.

Ƙungiyar sistocin duniya da ke yaƙi da safarar mutane, wadda aka kafa a 2009, ta ɗauki sunanta daga Markus sura 5, Talita kumi, maganar da Yesu ya yi wa 'yar Yayirus, yarinya ki tashi. Ki karanta har ƙarshen surar. Ya fitar da taron masu kuka waje kafin ya shiga, ya hana a baza labarin, sannan ya ce a ba ta abinci. Dubu 150 ɗin nan ki ajiye su don ranar: gwajin asibiti, kuɗin koyon sana'a, zane biyu, da abin da za a rage wa uwar raɗaɗin cefane. Wurinta a ƙungiyar mawaƙa kuma ki yi magana da shugabansu tun yanzu, ba tare da kin faɗi dalili ba, cewa in ta zo hutu a bar ta ta tsaya inda ta saba tsayawa.

Ki je gaisuwar nan cikin makon nan, kafin Lahadi. Ki sake rubuto mini ki gaya mini lambar wa yarinyar ke kira da ita.

Mama